Akawal Da Babban Ja

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu, in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin waɗansu dawaki biyu. Ɗaya na san shi ƙwarai, gama na share masa barga, na ɗebo masa ruwa. Ɗayan kuwa ban taɓa ganinsa ba sai a hoto, don ya mutu tun ba a haife ni ba. Watakila mai karatu ya ce, me ya haɗa mai koyon aikin malanta da zancen doki? To, a yi mini haƙuri a biyo ni sannu. Akwai wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi, yau na ke so in sauke.

Ni haifaffen Keffi ne, garin Abdu Zanga. Duk wanda ya san tarihinmu ya san doki ba baƙo ba ne gare mu. Da dawaki kakanninmu suka riƙe wannan yanki a ƙarƙashin Zazzau, bisa doki kuma Magaji Ɗan Yamusa ya fice ya nufi Kano a 1902, bayan ya kashe Kyaftin Maloni. Har yau in Salla ta zo, ƙofar fada cika ta ke yi da mahaya, ga shi kuma yanzu har filin folo gare mu. Amma kiwon doki a ƙasarmu ba kamar na Katsina ko Daura ba ne. Mu muna da laima, muna da tsando, ga sammore. Saboda haka wanda ya ɗaure doki a Keffi ya ɗauki aiki.

Kawuna, wan mahaifiyata, a hannunsa na tashi. Ɗan kasuwa ne, ba ya shan taba, ba ya yawon banza, amma in aka zo zancen sukuwa sai ka ce ba shi ba. A 2011 ya tafi kasuwar Maigatari ya komo da wani baƙin doki, dogo, mai siraran ƙafafu da faɗin ƙirji. Dillali ya buɗe bakinsa ya nuna haƙora, ya ce bai wuce shekara 3 ba. Ya ce kuma daga Sudan aka kawo shi, ubansa jinin dawakin Ingila ne. Babu takarda, babu shaida, sai rantsuwar dillali, kun kuwa san dokin mai baki ya fi gudu. Ba mu raɗa masa wani suna ba, Akawal kurum mu ke ce da shi saboda launinsa.

Bari in ɗan yi bayanin wannan jini da dillali ya ke taƙama da shi. Mutanen Ingila sun yi shekaru aru aru suna zaɓen dawaki don gudu kaɗai. Sun haɗa goɗiyoyin ƙasarsu da ingarmu da aka kawo daga ƙasashen gabas, har ya zamana duk dokin tsere na wannan iri, in ka bi salsalarsa ta wajen uba, za ta kai ka ga ɗayan ingarmu uku da suka shiga Ingila tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da wajen 1730. Tun 1791 su ke da littafin asali, inda a ke rubuta kowane duƙushi da sunan uwarsa da ubansa. Wanda sunansa bai shiga ba, ko ya fi iska gudu, ba a lissafa shi cikinsu. A filayen sukuwarmu kuwa akan raba dawaki aji aji, akwai na Arewa, da Talon, da Sudan, da na Turai tsantsa, don kada a haɗa ƙuru da ingarma. Akawal ajin Sudan ya faɗa.

Tare da dokin Kawu ya zo da wani dattijo mutumin Damagaram, wanda zai riƙa kiwonsa. Baba mu ke ce masa. Gajere ne, ba shi da yawan magana, ɗakinsa na jikin barga. Tun da asuba, da an sallame salla, zai fita da Akawal kilisa bisa yashin kogin Antau, gama ya ce yashi ke gina ƙafa, kwalta kuwa kashe ta ta ke yi. In sun komo ba ya ba shi ruwa sai gumi ya bushe. Ya goge shi tun daga geza har wutsiya, ya ɗaga kofato ɗai ɗai ya sakace, ya shafa dantse da tafin hannu ko zai ji zafi a wani wuri. Sa'an nan harawa, da ciyawa, da ɗan jiƙon kanwa lokaci lokaci. Dawa kuwa da mudu ya ke aunawa, safe da yamma, ba ya ƙara ko ƙwaya. Da dare yakan kwance shi daga turke ya bar shi ya zazzaga cikin shingen barga. Ni ne ɗan aikensa. Ran nan na ce, “Baba, don me ba ka cika masa akushi ya ci ya ƙoshi, ya daɗa ƙarfi?” Ya dube ni ya ce, “Yaro, hatsi wuta ne. Kaɗan ya dafa, da yawa ya ƙone gida.”

Fitar Akawal ta fari ba ta yi kyau ba. Da ya ji kiɗa da sowar mutane sai ya firgita, ya yi ta tsalle a wurin tashi, kafin joki ya daidaita shi 'yan'uwansa sun yi nisa. Kawu ya komo ransa a ɓace, abokansa na yi masa ba'a, wai ya sayo dokin hawan angwanci. Baba bai ce kome ba. Sai ya shiga kai shi bakin kasuwa da wuraren biki, ya tsaya da shi yana shafa wuyansa, har kiɗa ya zame masa ba kome ba. Daga nan fa abin ya sake. Rani uku Akawal ya yi yana gudu, a Zariya da Bida da Kano, wani lokaci ya zo na biyu, wani lokaci na uku, sau da dama kuma ya ci. Sau ɗaya aka tafi da ni Kano. Ina tsaye jikin shinge sai na ga ƙura ta taso, na ga wani baƙin abu ya fito ta gefe yana tsinke sauran ɗaya bayan ɗaya. Ihun da na yi ran nan, kwana biyu ba ni da murya. Aka ɗaga joki sama, aka kira sunan Kawu a lasifika, aka ba shi babur. Da na waiwaya neman Baba sai na hango shi can bayan fili, yana zagayawa da dokin a hankali don ya huce. Ko kallon wajen rabon kyauta bai yi ba.

To, ga inda laifina ya shigo. Ran 30 ga watan Yuni 2014 ne, ba na manta ranar, gama ran nan Nijeriya ta kara da Faransa a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, azumi kuma bai daɗe da kamawa ba. Ina da shekara 12. Baba na kwance da zazzaɓi, sai ya miƙo mini mabuɗin sito ya ce in auna wa Akawal dawarsa ta yamma, in rufe, in komo masa da mabuɗi. Ina cikin awo na ji an ta da janareta a gidan maƙwabcinmu mai talabijin. Na zuba dawa, na jawo ƙofa, ban sa sakata ba balle kwado. Na ruga na ajiye wa Baba mabuɗi a bakin tabarma, ya ce, “Ka rufe?” Na ce, “Na rufe, Baba.” Aka ci mu 2 da nema, aka sha ruwa, aka yi asham, na kwanta. Da dare Baba ya lallaɓa ya kwance dokin yadda ya saba.

Sai da aka tashe mu sahur na tuna. Na fita da gudu, na tarar da ƙofar sito a wangame, buhu a yage, Akawal na tsaye cikinsa ya yi tim. Na ja shi waje, na tattara abin da ya zube, na rufe ƙofa, na koma na yi shiru. A zatona in ba wanda ya gani, shi ke nan. Da na faɗa a wannan sa'a, da an kira likitan dabbobi tun da sassafe, watakila da an tare abin. Tsoron bulala ya hana ni.

Kashegari da yamma doki ya fara gudawa. Wanshekare sai ga shi ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa baya, ya ƙi ɗaga ƙafa ko taki ɗaya, gumi na zuba. Baba ya dafa kofato ya ji zafi kamar garwashi, ya buɗe sito ya ga buhu, ya yi salati. Likita ya zo ya yi allura, ya bayyana wa Kawu yadda abin ya ke. Ya ce tumbin doki ƙarami ne, ba ya kuma iya amai. In hatsi ya yi masa yawa sai ya wuce cikin babban hanji bai narke ba, ya yi tsami, dafi ya shiga jini. Dafin nan sai ya sauka ƙafa, ya kumbura siraran naman da ke riƙe da ƙashi jikin kofato. In naman ya saki, ƙashin ya sunkuya, doki ya gama gudu ke nan. Ya ce a riƙa sanyaya ƙafafun. Baba, da zazzaɓinsa da azuminsa, ya haƙa rami a barga ya cika da yashin Antau, ya yi ta zuba ruwan randa dare da rana.

Kawu ya tsaya a ƙofar barga ya ce, “Baba, mabuɗin nan a hannun wa ya ke?” Baba ya ce, “A hannuna ya ke, Alhaji.” Kawu ya ce, “To, yaya aka yi?” Ina tsaye a bayansu riƙe da bokiti, zuciyata na dukan uku uku. Baba ya ce, “Sakaci ne, Alhaji. A gafarce ni.” Kawu bai zage shi ba, amma ya faɗi magana guda mai zafi, ya ce ashe tsufa ya fara yi masa yawa. Daga ran nan gaisuwarsu ta zama gajera.

Akawal bai mutu a wannan karo ba, amma bai ƙara gudu ba. Salla ta zo aka yi hawa ba da shi ba, yana jin tambura yana haniniya. Bayan Salla da 'yan kwanaki Baba ya ɗaure kayansa, ya ce zai koma gida ya huta. Na ɗaukar masa jaka har tasha. Da zai shiga mota sai ya ciro buroshin da ya ke goge dokin da shi, ya danƙa mini, ya ce, “Yaro, ka kula da shi. In ka rufe ƙofa kuma, ka riƙa komawa ka taɓa sakata.” Nan na san ya sani tun farko. Na kasa ɗaga kai, har mota ta tashi.

Masu sayen tsofaffin dawaki su loda a mota zuwa kudu sun zo sau biyu suna taya Akawal. Kawu ya ce dokin da ya sa aka kira sunansa a Kano ba zai ƙare a mahauta ba. Ni na ci gaba da kiwonsa, yana ɗingishi, har daminar 2016 ciwon ya taso masa gaba ɗaya, ya kwanta bai tashi ba. Muka binne shi a bayan lambu.

Sauran doki na biyu. Bara, a nan makaranta, wani abokina ya nuna mini wani tsohon hoton tsere a wayarsa, na Amurka, wanda aka yi ran 9 ga watan Yuni 1973. Dawaki 5 ne suka tashi. Kafin a kai ƙarshe sai na ga wani jan doki shi kaɗai, mai ɗaukar hoto ma sai da ya ja baya kafin a ga sauran. Na tambayi sunansa, aka ce Secretariat, watau Sakatariya, amma masu kiwonsa Babban Ja su ke ce masa. Daga nan na shiga bin labarinsa.

An haife shi ran 30 ga watan Maris 1970 a jihar Birjiniya. Tun yana ciki aka yi ƙuri'a da jefa kwabo tsakanin mai ingarma da masu goɗiya, don a san wanda zai fara zaɓen duƙushi. Penny Chenery, wadda ke riƙe da gonar mahaifinta, ita ta faɗi, amma faɗuwa ta zo daidai da zama, gama ɗan da ke cikin nan ya zama rabonta. Shi ma fitarsa ta fari, a watan Yuli 1972, ba ta yi kyau ba, an bangaje shi a wurin tashi ya zo na huɗu. Da mahaifin matar ya rasu a farkon 1973, harajin gado ya taso, sai aka kasa dokin kashi 32 aka sayar a kan dala miliyan 6 da dubu 80, da sharaɗin zai bar gudu a ƙarshen shekara ya koma barbara.

A Amurka akwai manyan tsere uku da a ke yi wa dawaki 'yan shekara 3 cikin mako 5, a lokacin kuwa tun 1948 ba a sami dokin da ya haɗa su duka ba. Ana saura mako biyu a fara sai Babban Ja ya zo na uku a wani tsere, mutane suka fara cewa an yi asarar kuɗi. Ashe ƙurji ne ya fito masa a baki, linzami na taɓa shi. Da ya warke, sai ya ci na farko a Kentaki, mil 1 da kwata cikin ƙasa da minti 2, kowane kwata na mil kuma ya fi na bayansa sauri. Ya ci na biyu. Na uku shi ne wanda na gani, mil 1 da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya ba na biyu ratar tsawon doki 31. Har yau ba a sami dokin da ya karya lokacinsa a ko ɗaya cikin ukun ba. Duka duka tsere 21 ya yi, ya ci 16, na ƙarshe a Kanada cikin watan Oktoba 1973. Watau duk wannan suna cikin wata 16 ya same shi. Sauran shekarunsa 16 a wata gona ya yi su a Kentaki, ya haifi 'ya'ya fiye da 600, ba kuwa wanda ya kamo shi, ko da ya ke ta wajen 'ya'yansa mata an sami manyan dawaki.

Da na zo kan mutuwarsa sai jikina ya yi sanyi. A 1989 ciwon kofato ya kama shi, irin na Akawal sak, ko da ya ke shi ba ta hanyar buhun dawa ba. Ga likitoci, ga kuɗi, aka yi wata guda ana fama, abin ya faskara, ran 4 ga watan Oktoba aka yi masa allurar hutawa yana da shekara 19. Likitan da ya buɗe shi ya ƙiyasta zuciyarsa ta kai wajen kilo 10, fiye da ninki biyu na ta sauran dawaki. Da fari na ji wani sanyi a raina, na ce ashe ciwon nan ko Amurka ya gagara, to, ina laifina? Amma da na kwanta sai na ga wannan dabarar Shaiɗan ce. Su sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ni kuwa na ga buhu a yage na yi shiru.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne labarin mai kiwonsa, wani baƙar fata mai suna Eddie Sweat. Shi ke wanke shi, shi ke auna masa abinci, shi ke kwana kusa da shi in an yi tafiya, shi kuma ya yi ta gasa masa ƙurjin nan da ruwan ɗumi. Miliyoyin da aka ambata ba su bi ta kansa ba, ya rasu a 1998 ba da wata dukiya ba. Daga baya ne aka ƙera gunkin tagulla a Kentaki, ga doki, ga joki bisa, ga shi kuma riƙe da ragama. Ina duban hoton, Baba na ke gani a bayan filin Kano.

Da aka ba mu hutu na tafi gida, na sami Kawu bayan sallar isha'i yana zaune a zaure. Na durƙusa na ce, “Kawu, ina da magana, ta shekara goma da wani abu ce.” Na faɗa masa duka, tun daga janareta har tasha. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai ya ce, “Doki dai kwanansa ne ya ƙare, na yafe maka. Amma maganar da na faɗa wa dattijon nan, wa zai karɓo mini ita?” Ya ce labari ya iso shi shekara 3 da suka wuce cewa Baba ya rasu. Muka yi masa addu'a. Mun shirya in Allah ya kai mu hutu mai zuwa za mu tafi Damagaram tare, mu nemi 'ya'yansa, mu gaya musu ubansu bai yi sakaci ba.

To, 'yan'uwana, mu da za mu fita mu riƙe aji, aikinmu irin na Baba ne. In yaro ya ci jarrabawa sunan ubansa za a kira, mu muna can baya muna shirin na gobe. Wannan kada ya dame mu. Abin da na ke roƙo shi ne, mu zama malaman da yaro zai iya zuwa gare su da asuba ya ce, “Malam, na yi ɓarna,” tun abin yana gyaruwa. Na je koyarwar gwaji na ga yadda yara ke ƙanƙancewa in an ɗaga bulala, na kuwa san abin da su ke ɓoyewa ya fi abin da a ke dukansu a kai. Buroshin nan yana cikin akwatina har yanzu. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.